Kowane Bututu da Irin Ɗurinsa

A Amurka akwai masu harbin gasa da ba sa sayen harsashi a kanti. Kwanso suke saya daban, albarushi daban, ƙwayar harsashi daban, sannan su zauna gaban teburi da sikeli su haɗa da hannunsu, ɗaya bayan ɗaya. Ana yin haka a Finland da Sweden da Ostireliya da Afirka ta Kudu ma. Dokar Amurka ba ta neman lasisi daga wanda zai ɗura wa kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin ajiye albarushi. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, aikin na masana'antu ne irin DICON ta Kaduna. Sana'ar ta wasu ce a ƙasarsu, amma ilimin da ke cikinta ya isa a tsaya a duba, musamman a ranar da mai ita ya ɗaura wa bindigarsa sabon bututu, domin ranar ce duk abin da ya sani game da tsohon yake tashi a banza.

Bututu yana mutuwa, kuma ba gogayyar ƙwaya ce ke kashe shi ba, wuta ce. Duk harbi ɗaya, iskar albarushi mai zafin da ya zarce na narkar da ƙarfe takan daki inci biyu ko uku na farkon bututun, wurin da suke kira maƙogwaro. A hankali ƙarfen wurin yakan tsattsage, ya zaizaye, har bindigar ta daina sa harbi wuri ɗaya. Harsashi samfurin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, yana da sauƙi a kan ƙarfe, bututunsa kan kai harbi 5,000 ko fiye. Na 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya ƙirƙiro a 2007, yawanci tsakanin 2,500 ne da 3,000 a hannun ɗan gasa. Masu cin albarushi da yawa ta ƙaramar kafa, irin .243 Winchester, ba sa kai haka. Ƙwaya kuwa ba ta wuce kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin dubu na sakan a cikin bututu. In ka tara harbi 3,000, duk aikin da bututun zai yi a rayuwarsa bai fi na sakan 4 ba. A riƙe wannan lissafi, domin kowane harbin gwaji daga cikin waɗannan sakan 4 ake cire shi.

Harsashi abu huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, wanda shi ne mafi tsada kuma shi ake sake ɗurawa sau da yawa. A gindinsa akwai ɗan ƙyastu, wanda allurar bindiga ke sara ya ba da tartsatsi. Sai albarushi, sai ƙwaya, dalma ce da aka sa wa rigar jan ƙarfe. Ƙyastun iri biyu ne, dukansu na 1866, kuma tarihinsu da ban dariya: wanda Baturen Ingila Edward Boxer ya ƙirƙiro shi Amurkawa suka runguma, saboda yana da sauƙin cirewa a sa sabo, wanda Ba'amurke Hiram Berdan ya ƙirƙiro kuma sojojin Turai ne suka daɗe suna amfani da shi.

Maharbin da ke ɗura bindigar toka ta baki zai gane asalin aikin, amma albarushin ba ɗaya ba ne. Na zamani, marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, ba fashewa yake yi ba, ci yake da wuta, kuma gwargwadon yadda aka matse shi gwargwadon saurin cinsa. Ga inda haɗarin yake. Ƙarin albarushi kaɗan yana ƙara matsi, matsin ya ƙara saurin ci, saurin cin ya sake ƙara matsi. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ta yanke wa .308 da 6.5 Creedmoor iyakar fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci. Tayar ƙaramar mota fam 32 ko kusa da haka take ɗauka. Wannan matsi yana tashi ne a tazarar 'yan inci daga fuskar mai harbi. Shi ya sa ba a awon albarushi da ido. Da giren ake auna shi, giren ɗaya kuwa miligiram 64.8 ne, kuma masu tsanani har kashi ɗaya cikin 50 na giren suke bi.

To me ya sa ɗurin da tsohon bututu ya yi shekara yana ci lafiya ba za a zuba wa sabo ba? Saboda babu bututu biyu da suke ɗaya, ko da maƙeri ɗaya ne ya yi su a rana ɗaya. Gurbin da harsashi ke kwanciya a ciki, da wani ƙarfen yanka ake sassaƙa shi, kuma kowane ƙarfen yanka da nasa faɗin da nasa tsawon maƙogwaron. Kafar bututun kanta tana iya fin wata matsewa da kashi kaɗan cikin dubu goma na inci. Sannan tsohon bututu maƙogwaronsa ya zaizaye ya yi gaba, ƙwaya tana samun fili kafin ta ci karo da ƙarfe, matsi yana sauka. Mai shi ya saba ƙara albarushi kaɗan-kaɗan don ya riƙe gudun da yake so. In ya ɗauki wannan ɗurin ya sa a sabon bututu mai gajeren maƙogwaro, yana iya haura iyaka da harbin farko. Harsashin kanti ba ya shiga wannan matsala, don an yi shi ne ya shiga kowace bindiga mai lambarsa, mai matsattsen gurbi da mai sakakke. Mai ɗura wa kansa ya bar wannan kariyar don neman abin da ya fi dacewa da bututunsa shi kaɗai, saboda haka nauyin kiyaye kansa ya koma wuyansa.

Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita guda ce: a koma littafi, a fara daga ƙasa. Kamfanoni irin Hornady da Sierra da Lyman da Hodgdon suna buga littattafan ɗuri, kuma yawancin alkaluman da ke ciki an gwada su a bututu mai na'urar auna matsi. Kowane layi yana da awon farawa da awon ƙarshe, kuma al'ada ita ce a fara da kimanin kashi 10 cikin 100 ƙasa da na ƙarshen, a riƙa hawa a hankali. Ana duba kwanso bayan kowane harbi: ko ƙyastun ya baje, ko gindin kwanson ya ɗauki tambarin fuskar sakata, ko sakatar ta yi nauyin ɗagawa. Sai dai waɗannan alamu makararru ne. Sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka da nisa, kuma kwanso mai tauri, irin na kamfanin Lapua na Finland, yana iya ɓoye su. Na'urar auna gudu ta fi su gaskiya. Idan littafi ya ce ƙarshen gudun wannan ƙwaya da wannan albarushi kaza ne, kai kuma naka bututun mai tsawo ɗaya ya zarce shi sosai, ba baiwa bututunka ke da ita ba, matsi ne ya yi yawa.

Kafin a kai ga albarushi ma, an riga an zaɓi ƙwaya, kuma bututu ne ke zaɓar ta. A cikin kafarsa akwai kunya da kwari da suka murɗe daga gindi zuwa baki, su ne ke kama rigar ƙwaya su juya ta. Bututun 6.5 Creedmoor yawanci zagaye ɗaya yake ba ta a kowane inci 8. In ta fita da gudun ƙafa 2,700 a sakan, tana juyawa sau 243,000 a minti. Doguwar ƙwaya tana buƙatar murɗi mai sauri, in ba ta samu ba sai ta wuntsila ta bugi allo a kaikaice. Tun 1879 malamin lissafi Alfred Greenhill ya fitar da ƙa'idar wannan a Ingila, kuma babu gardama a kai.

Gardamar tana farawa ne daga abin da suke kira horar da bututu. Ƙarfen da ya sassaƙa maƙogwaro yakan bar ƙananan zane a gicciye, su kankare jan ƙarfe daga rigar ƙwaya, ya manne a cikin bututu. Wasu maƙera, cikinsu har da Krieger na jihar Wisconsin, suna ba da shawarar a yi harbi ɗaya a wanke, a sake ɗaya a wanke, har wurin ya yi santsi. Marigayi Gale McMillan, wanda shi ma fitaccen maƙerin bututu ne, ya yi watsi da wannan, yana ganin ɓarnar ran bututu ce kawai wadda ba ta amfanar kowa sai mai sayar da bututu. Abin da kusan kowa ya shaida da na'ura shi ne sabon bututu yana ƙara gudu da kansa. Da ɗuri iri ɗaya, cikin harbi 100 zuwa 200 na farko, gudun kan haura kafin ya tsaya. Kwanso ma haka: sabo yakan kumbura a harbin farko ya ɗauki siffar gurbin, cikinsa ya ɗan canza. Wanda ya yi gaggawar tsayar da ɗurinsa a harbi 30 na farko, ya auna bututun da bai gama zama kansa ba.

Bayan haka sai zurfin zaman ƙwaya a bakin kwanso. Ana auna inda ƙwaya ke fara taɓa kunyoyin maƙogwaro, sannan a ja da ita baya da kashi kaɗan cikin dubu na inci. Tazarar da ke tsakani ita suke kira tsalle. Wasu ƙwayoyi masu siririn hanci sun yi suna da son gajeren tsalle, wasu ba ruwansu. Cusa ƙwaya har cikin kunyoyin yana ɗaga matsi, kuma in aka buɗe sakata ba a harba ba, ƙwayar tana iya maƙalewa albarushi ya zube a cikin bindiga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan aka yi harbi, bututu ba ya tsayawa cik. Bindiga tana fara ja da baya tun ƙwaya ba ta fita ba, kuma tunda nauyinta ba a kan layin kafar bututu yake daidai ba, bututun yakan lanƙwasa, bakinsa ya kaɗa. Ido ba ya gani, amma kaɗawar da ba ta kai kaurin takarda ba a bakin bututu tana zama tazara mai auno a yadi 100. Arnulph Mallock ya yi rubutu a kan wannan a Ingila tun 1901, kuma injiniya Harold Vaughn ya auna shi da na'urori a littafinsa na 1998. Daga nan aka gina tunanin da ya mamaye sana'ar. Yaron da ke kan lilo, a tsakiya yake da gudu, amma in ya kai ƙarshen tashinsa yakan ɗan tsaya kafin ya dawo. Aka ce haka bakin bututu yake: in aka daidaita albarushi yadda ƙwaya za ta fita a daidai lokacin da bakin ya kai ƙarshen kaɗawarsa, to ko da wata ta ɗan riga wata fita, duk wuri ɗaya za su nufa. Wasu suka ce a'a, mafi kyau ta fita bakin yana kan tashi, domin ƙwaya mai jinkiri, wadda da ƙasa za ta faɗi, sai ta tarar da bakin ya ɗan ƙara ɗagawa, gibin ya cike. Masu harbi a filin Bisley na Ingila sun daɗe da lura da irin wannan a bindigar Lee-Enfield, wadda takan yi abin kirki a yadi 900 da 1,000 fiye da yadda aikinta na kusa zai sa a zata.

Hanyoyin neman wannan awo suna da yawa. Creighton Audette ya yaɗa wadda ake kira tsani: harsashi ɗaya a kowane awo, kowane ya ɗara na bayansa kaɗan, a harba su a nesa, yadi 300 ko fiye, a duba inda huda uku ko huɗu a jere suka taru ba su hau ba. Dan Newberry ya zo da tasa, inda ake harba uku-uku a kowane awo, a bi da bi, a nemi awon da tsakiyar gungunsa ba ta gusa daga na maƙwabtansa ba. Wata hanyar ba ta duba allo ma, gudu kawai take kallo, ta nemi inda ƙarin albarushi bai ƙara gudu ba. A shekarun 1990 kamfanin Browning ya sayar da bindigogi masu wani nauyi a baki da ake murɗawa, don a daidaita bututu da harsashi maimakon a daidaita harsashi da bututu.

Kaɗawar gaskiya ce. Abin tambaya shi ne ko harbi uku yana iya nuna ta. A nan nake ganin yawancin masu wannan aiki sun shekara da shekaru suna karanta abin da babu shi a kan takarda.

Faɗin gungu, wato tazarar huda biyu mafi nisa da juna, ba tsayayyen abu ba ne. Masanin ƙididdiga Frank Grubbs, wanda ya yi wa sojan Amurka aiki, ya buga lissafin wannan a 1964. Bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, ba a canza komai ba: gungun harbi 10 a matsakaici ya fi na harbi 3 faɗi da kusan kashi 60 cikin 100, don kawai an ba ɓatattun harbi damar fitowa. Kuma bindigar da matsakaicin gungunta na harbi 5 inci 1 ne, yau za ta ba ka rabin inci, gobe ta ba ka inci 1 da rabi, ba tare da wani dalili ba. Na harbi 3 ya fi haka rawa. Sai ka ɗauka mutum ya ɗura harsashi 30 iri ɗaya sak, wani ya raba masa su gida 10 ya liƙa wa kowane gida lambar ƙarya. In ya harba, dole ɗaya daga cikin gungu 10 ɗin ya fi sauran ƙanƙanta, kuma lissafi ya nuna zai kai kusan rabin matsakaicinsu. Mutumin zai zagaye shi da biro, ya ce ya samo abin da bututunsa ke so. Ba ƙarya ya yi ba, da idonsa ya gani. Mako mai zuwa in gungun ya buɗe, sai ya ɗora wa iska, ko ya ce bututun ya fita daga saiti, ya sake sabon gwaji.

A 'yan shekarun nan injiniyoyin Hornady sun fito sun faɗi haka ƙarara, bayan sun harba dubban harsasai da bindigar da aka ɗaure a injin. Abin da suka gani shi ne in aka kai gungu harbi 20 ko 30 ko fiye, yawancin bambancin da ake gani tsakanin awo da awo na kusa yakan narke. Inda ake samun canji na gaske shi ne in an canza ƙwaya ko an canza irin albarushi ɗungurungum, kuma sau da yawa rage ɗuri kaɗan daga ƙololuwa yana ɗan matse gungu. Bryan Litz na kamfanin Applied Ballistics ya yi nasa gwaje-gwajen ya kuma ja kunne a kan ƙaramin samfuri. Maganar ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda wanda ya yi shekara 20 yana zagaye gungu da biro ba zai so a ce masa caca yake karantawa ba.

Amma masu harbin teburi suna da tasu hujjar, kuma ba a raina ta. Su bindigarsu a kan teburi take zaune, harsashinsu yawanci 6mm PPC ne wanda Louis Palmisano da Ferris Pindell suka fito da shi a 1975, kuma a filin gasa suke ɗuri, suna ɗan gyara awo in rana ta ɗaga. Bindigar da ke zuba harbi 5 cikin kashi 2 cikin 10 na inci, hayaniyarta kaɗan ce, saboda haka ƙaramin canji yana iya fitowa fili a wurinta alhali a bindigar farauta ya nutse. Duk da haka su ma ba sa ba da kambi a kan gungu ɗaya, matsakaicin gungu 5 suke tarawa a kowace tazara. Gungu ɗaya tilo kuwa, a 1973 Mac McMillan ya yi na inci 0.009 a yadi 100, aka shekara 40 ba a karya ba, sai a 2013 Mike Stinnett ya yi 0.0077. Da ɗuri kaɗai ke kawo irin wannan, da ba a jira shekara 40 ba.

Mai sabon bututu yana tsaka mai wuya ke nan. Gwajin da zai gaskata yana cin harsashi 30 a kowane awo. Awo 10 harbi 300 ne, kashi ɗaya cikin 10 na ran bututun 6.5 Creedmoor, kuma kafin ya gama maƙogwaron ya riga ya gusa daga inda ya aune shi. Gwajin da ba ya cin bututu kuma ba ya faɗin komai. Abin da na ga ya fi hankali shi ne abin da 'yan gasa da dama suka koma yi: su ɗauki ƙwaya mai kyau da albarushin da aka san ya dace da wannan harsashi, kamar yadda H4350 ya yi suna a 6.5 Creedmoor da Varget a .308, su hau a hankali don su san inda matsi yake, su sauko ƙasa da shi da tazara, su harba gungu ɗaya babba. In ya yi, shi ke nan. In bai yi ba, su canza babban abu, ba ɗan giren ba.

Ƙoƙarin da ya rage sai a zuba shi inda ake da tabbacin riba, wato a sa kowane harsashi ya zama kamar ɗan'uwansa. A yadi 100 bambancin gudu ba ya nuna kansa. A yadi 1,000 kuwa, ƙwaya biyu da suka bambanta da ƙafa 30 a sakan suna iya rabuwa da wajen inci 8 sama da ƙasa, alhali da'irar tsakiya a allon gasar F-Class inci 5 ce. Shi ya sa ake auna albarushi da sikeli mai kyau, a yi amfani da kwanso na kamfani ɗaya da zubi ɗaya, a kula wuyan kowane kwanso ya riƙe ƙwaya da ƙarfi ɗaya. Na'urar auna gudu ma ta yi araha ta yi sauƙi, tun daga na Ken Oehler na Texas masu idon haske har zuwa ƙaramar mai rada da Garmin ya fitar a 2023.

Zafi ma yana cikin lissafi. Albarushi mai ɗumi ya fi saurin ci, don haka ɗurin da aka tsayar a bakin iyaka cikin sanyin Janairu yana iya ƙetare ta a Yuli, ko in harsashi ya daɗe a cikin gurbi mai zafi. Kamfanonin Ingila sun san haka tun zamanin albarushin kodayit, har sukan rage awo a harsasan manyan bindigogin farauta da za a kai Afirka da Indiya. Albarushin yanzu, irin waɗanda ake yi wa Hodgdon a Ostireliya, an rage musu wannan hali sosai, amma bai gushe ba.

Maƙogwaro kuma yana ci gaba da zaizayewa, tsalle yana ƙaruwa da kansa. Wasu suna bin sa, suna fito da ƙwaya gaba kaɗan-kaɗan, wasu sun zaɓi ƙwayar da ba ta damu da tsalle ba sun huta. Alamar ƙarshe takan zo da gudu yana sauka da harbi ɗaya-ɗaya da ke ficewa daga gungu ba dalili. Manyan 'yan gasa ba sa jiran wannan ta same su a tsakiyar kakar gasa. Sukan sayi ƙarfen yankan gurbi nasu na kansu, su ba maƙeri ya sassaƙa musu bututu biyu ko uku da shi a lokaci ɗaya, su kuma sayi albarushi da ƙwaya masu yawa daga zubi ɗaya. Ko da haka, in sun ɗaura na biyun, sukan rage awo su sake hawa daga ƙasa.